Daga lambar 060 zuwa saƙon murya: yadda kiran intanet ya sauya harkar waya a Sakkwato

Wanda ya yi wayo a Sakkwato kafin shekarar 2001 zai iya tuna cewa wayar tarho ba kayan kowa ba ce. Lambar garin ita ce 060, kuma wuraren da ake ganinta ba su wuce saman takardun ma'aikatun gwamnati da bankuna da jami'a ba, sai allunan wasu manyan 'yan kasuwa da gidajen da ake iya ƙirgawa a kowace unguwa. A lokacin, Najeriya mai mutum fiye da miliyan 100 ba ta da layukan waya masu aiki da suka kai rabin miliyan, kuma kaso mai tsoka daga cikinsu yana Legas. Kamfanin NITEL, wanda aka kafa a 1985 ta hanyar haɗe sashen waya na tsohuwar ma'aikatar gidan waya da kamfanin da ke kula da kiran ƙasashen waje, shi kaɗai ne ke da wuƙa da nama. Sauran jama'a kuwa suna da nasu hanyoyin: a ba direba saƙo a tasha, ko a kai sanarwar rasuwa gidan rediyon Rima, ko a ɗauki magana a kaset a ba maniyyaci ya kai wa ɗan'uwa da ke zaune a Makka.

Tun daga wancan lokaci girgiza biyu ta sami harkar waya a ƙasar nan. Ta farko ita ce zuwan wayar salula, wadda ta kai kamfanin gwamnati ƙasa. Ta biyu ita ce kiran intanet, wanda yake cin kasuwar kamfanonin da suka kayar da shi, kuma ita ce ta fi buƙatar a tsaya a kanta, domin yawancinmu muna cikinta tsundum ba tare da mun lura da wanda ke cin riba da wanda ke biyan kuɗin ba.

A watan Janairun 2001, zamanin mulkin Obasanjo, Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, wato NCC, ƙarƙashin Injiniya Ernest Ndukwe, ta yi gwanjon lasisin wayar salula a kan dala miliyan 285 kowane ɗaya. Econet da MTN suka fara aiki a watan Agustan shekarar. Sabis ya fara ne daga manyan biranen kudu da Abuja kafin ya bazu zuwa sauran jihohi, kuma farashin farko ba na talaka ba ne: layi kaɗai yakan kai naira dubu ashirin ko fiye, minti ɗaya kuma naira 50, ko da gaisuwa kawai mutum ya yi aka katse, sai an cire masa kuɗin cikakken minti. Wannan tsadar ce ta haifar da sana'ar masu lema, waɗanda ke kafa tebur da kujera a bakin kasuwa ko ƙofar tasha, mutum ya zo ya buga waya ana duba masa lokaci ya biya. Ita ce kuma ta haifar da filashin, wanda har ya samu ladubbansa da ba a rubuta ba, domin ɗa yana iya yi wa mahaifinsa, yaro yana iya yi wa ubangidansa, amma saurayin da ya yi wa budurwa filashin ya zubar da girmansa. Sai a watan Agustan 2003 kamfanin Globacom na Mike Adenuga ya shigo da lissafin daƙiƙa-daƙiƙa, sauran suka bi dole, farashin layi ya faɗi warwas.

NITEL bai sake tashi ba. An sayar wa Transcorp da mafi yawansa a 2006, gwamnati ta ƙwace a 2009, daga ƙarshe a 2014 aka sayar da kadarorinsa da na reshensa na salula ga NATCOM a kan kusan dala miliyan 252. Wato kamfanin da ya riƙe wayar ƙasa baki ɗaya, da gine-ginensa da wayoyinsa da lasisinsa, bai kai kuɗin lasisin salula guda ɗaya na 2001 ba.

A daidai watan da Globacom ya fara aiki, wasu mutum biyu, Niklas Zennström ɗan Suwidin da Janus Friis ɗan Denmak, tare da masu rubuta manhaja daga ƙasar Estoniya, suka fito da Skype, manhajar yin kira ta intanet. A nan babu wanda ya damu da shi a lokacin, domin intanet ɗinmu na shagon kwamfuta ne, mai tafiyar hawainiya. Amma dabarar da ya yayata ita ce ta rushe ginshiƙin da kasuwancin waya ya tsaya a kansa sama da shekara ɗari. A tsohon tsari, idan mutum ya buga waya daga Sakkwato zuwa Kano, kamfani yana keɓe wa mutanen biyu hanya tasu su kaɗai daga farkon magana har ƙarshenta, ko suna magana ko sun yi shiru, don haka yake sayar da abu biyu, nisa da lokaci. Kiran intanet kuwa yana mayar da murya lambobi, ya yayyanka ta ƙanana-ƙanana, kowane yanki ya bi duk hanyar da ya samu tare da hotuna da saƙonnin sauran jama'a, a sake harhaɗa su a wayar mai sauraro cikin ƙiftawar ido. A wannan tsari hanyar ba ta san cewa murya ce take ɗauke da ita ba, ba ta kuma damu da ko Mabera za ta ko Madina ba. Nisa ya daina zama abin sayarwa, kuma da shi ne kamfanonin waya suka fi cin riba.

Lissafin ba shi da wuya. Minti ɗaya na kiran murya a WhatsApp ba ya cin megabayit ɗaya, saboda haka gigabayit guda yana iya ɗaukar magana ta fiye da minti dubu. Minti dubu ta layin kira na yau da kullum, a farashin da ya haura naira goma kowane minti, ya wuce naira dubu goma, alhali gigabayit ɗin kaso kaɗan ne na wannan kuɗi. Wannan a cikin gida ke nan. Idan kiran na ƙasar waje ne, tazarar ta wuce misali.

Skype shi ya share fagen, amma ba shi ya ci moriyar ba. Microsoft ya saye shi a 2011 a kan dala biliyan 8.5, ya kuma rufe shi a watan Mayun 2025. Wanda ya iso hannun Basakkwace shi ne WhatsApp, wanda Facebook ya saya a 2014 a kan kusan dala biliyan 19, ya ƙara kiran murya a 2015, na bidiyo kuma a 2016. Abin da ya ba shi nasara a kan Skype shi ne bai nemi mutum ya buɗe akwatin imel ko ya ƙirƙiri wani suna da boko ba, lambar wayarsa ita ce sunansa. Ya kuma zo a kan gaɓa, lokacin da wayoyin intanet na ƙarƙashin teku na MainOne da Glo-1 suka fara aiki a Legas a 2010 suka karya farashin intanet, wayoyin Tecno da Itel da Infinix masu layi biyu suka cika shagunan waya, sannan 4G ta fara yaɗuwa daga 2016.

A ganina babu inda wannan sauyi ya fi ma'ana kamar gari irin namu da ke bakin iyaka. Daga Illela zuwa Birnin Ƙonni 'yar tafiya ce, harshe ɗaya, dangi ɗaya, auratayya da cinikin dabbobi da albasa da hatsi tun kafin Turawa su ja layi a tsakani. Amma a littafin kamfanin waya, kiran lambar da ta fara da 227 kiran ƙasar waje ne, ana kuma cajinsa da tsadar da ta ninka kiran Fatakwal sau da yawa, ko da wanda ake kiran yana hango hasken fitilun Illela daga ƙofar gidansa. Shi ya sa tun da daɗewa ɗan kasuwar kan iyaka yake yawo da layi biyu, na Najeriya da na Nijar, yana sauyawa gwargwadon sabis ɗin da ya fi ƙarfi a inda yake tsaye. Kiran intanet ya shafe wannan bambanci gaba ɗaya. Lokacin da aka rufe iyaka bayan juyin mulkin Nijar na watan Yulin 2023, motoci suka yi layi kaya suna lalacewa, zumunci da bin bashi da tambayar farashi ba su tsaya ba, domin sojan da ke kan shinge ba ya iya tare saƙon murya.

Duk wanda ya zauna rabin sa'a kusa da dillalin albasa a Ramin Kura zai ga yadda aikin yake tafiya yanzu. Zai kwance bakin buhu, ya zaro albasa biyu ko uku ya ɗora a tafin hannu, ya ɗauki hoto, sannan ya danna alamar makirufo ya kawo wayar kusa da baki ya ce: “Alhaji, ga ta nan, ta Goronyo ce, ta bushe sarai, mota za ta tashi bayan la'asar, ka faɗi buhu nawa zan sa maka.” Ya saki, ya juya ga wani mai saye. Bayan ɗan lokaci amsa ta zo daga Onica ko Legas, ya kara wayar a kunne ya saurara, wani lokaci sau biyu, domin saƙon murya shaida ne, ana iya komawa kansa ranar da aka yi musu a kan farashi. Kiran waya ba ya barin wannan shaidar. A duk cinikin nan na dubban ɗaruruwan naira, abin da kamfanin waya ya samu bai wuce kuɗin 'yan megabayit ba, alhali shekara goma sha biyar da suka wuce da katin ɗari biyar ya tafi kafin a daidaita.

Saƙon murya ya cancanci a ba shi haƙƙinsa, domin masu sharhi kan fasaha a manyan birane ba su cika ganin girmansa ba. Saƙon tes ya buƙaci iya rubutun boko, kuma a jiharmu akwai ɗimbin mutane, maza da mata, malamai da 'yan kasuwa, waɗanda suka iya karatun Alƙur'ani da ajami sarai amma haruffan da ke kan madannin waya ba nasu ba ne. Shekara da shekaru irin waɗannan sai sun nemi yaro ya karanta masu saƙo, sirrinsu ya zama na mutum uku. Yanzu tsohuwa a Wurno tana aika wa ɗanta da ke Jidda magana da bakinta, da karin harshenta na Sakkwatanci, ya saurara bayan ya tashi daga aiki ya mayar mata da amsa. Kaset ɗin da ake ba maniyyaci ne ya dawo, sai dai wannan yana isa kafin a sauke hannu. Da shi ake gayyatar ɗaurin aure, da shi ake sanar da jana'iza, da shi almajiran malami ke rarraba karatun da aka yi daren jiya. Ta wannan hanyar ce kuma, dole a faɗa, jita-jita da maganar da ba ta da tushe ke zagaye gari kafin azahar, tunda murya tana da saurin shiga zuciya fiye da rubutu.

Kamfanoni da gwamnatoci ba su karɓi wannan sauyi hannu bibbiyu ba. Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta toshe kiran WhatsApp, ta bar wasu manhajojin da ta amince da su kawai, abin da duk mai zuwa Dubai saro kaya ya sani. Saudiyya ta daɗe da irin wannan takunkumi kafin ta sassauta shi a watan Satumbar 2017. Najeriya ba ta bi wannan hanya ba, kuma ina ganin ta yi daidai, duk da cewa kamfanonin sun yi ta ƙorafin cewa manhajojin ƙasashen waje suna cin kasuwa a kan turakun sabis ɗin da ba su kafa ba, ba su kuma biya kuɗin lasisi ba. Ƙorafin yana da ƙamshin gaskiya, amma rabinta ne kawai, domin babu wanda ke kiran WhatsApp sai ya sayi data, kuma a wurinsu yake saye. Matakin da NCC ta ɗauka a 2016, na ɗaga kuɗin da ake biya kan kiran da ke shigowa daga waje daga naira 3.90 zuwa naira 24.40 a minti, ya jawo wata matsala ta daban: wasu suka riƙa shigo da kiran waje ta intanet suna sake shi ta layukan gida, shi ya sa a wancan lokaci mutum zai ga lambar Najeriya a fuskar wayarsa, ya ɗauka ya ji muryar ɗan'uwansa daga Ingila.

Abin da ya faru a zahiri shi ne kamfanonin sun sauya abin da suke sayarwa. A 2024 kuɗin da MTN ya samu daga data a Najeriya ya zarce wanda ya samu daga kira. Tun a 2014 manyan kamfanonin suka fara sayar da turakunsu ga kamfanoni irin su IHS da American Tower suna haya a kansu, daga baya suka shiga harkar tura kuɗi da MoMo da SmartCash, suka kuma zuba kuɗi a 5G, wadda MTN da Mafab suka sayi lasisinta a ƙarshen 2021 a kan dala miliyan 273.6 kowanne. Sai dai sayar da data ba ta da romon sayar da minti. Tana buƙatar ƙarin na'urori da ake saye da dala, da turakun da ke cin man dizal dare da rana saboda rashin tsayayyar wuta, ga wayoyin ƙarƙashin ƙasa da masu aikin hanya ke tsinkewa. Da aka saki naira ta nemi farashinta a 2023, MTN ya bayyana asarar da ta kai kusan naira biliyan 400 a 2024, kuma a watan Janairun 2025 NCC ta amince da ƙarin farashin da ya kai kashi 50 cikin ɗari, saƙon tes ya tashi daga naira 4 zuwa 6.

A nan ne nake ganin akwai rashin adalcin da ba a cika magana a kansa ba. Ma'aikaci ko ɗalibin Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo mai babbar waya, wanda ke zaune inda 4G take da ƙarfi, ƙarin kuɗin kira bai dame shi sosai ba, tunda ya riga ya kwashe hirarsa ya mayar intanet. Wanda ƙarin ya faɗa wa kai tsaye shi ne manomin ƙauyen Tangaza ko Gudu mai ƙaramar waya, wanda ko ya sayi babbar ba zai samu sabis ɗin da zai ɗauki kiran intanet ba, ga kuma kuɗin caji da yake biya a shago duk kwana biyu. Shi ne yake sayen katin ɗari, yana magana yana ƙirga daƙiƙa, har yau yana filashin. Ma'ana, wanda ya fi kowa ƙarancin hali shi ne yake biyan mafi tsadar minti a ƙasar, mai hali kuma yana magana da London kusan kyauta. Saboda haka idan aka ce kiran layi ya mutu, sai a tambaya a wace unguwa, domin a ƙananan hukumomi da yawa na jihar nan shi kaɗai ne ke aiki, kuma ko a cikin gari, lambar sirrin banki da tura kuɗi ta lambobin da ake dannawa duk a kan tsohon layin suke tafiya.

Akwai kuma abin da watan Satumbar 2021 ya nuna mana. Bayan an katse sadarwa a Zamfara saboda 'yan bindiga, gwamnatin Aminu Waziri Tambuwal ta sanar da katse ta a ƙananan hukumomi 14 cikin 23 na jihar Sakkwato. Ranar da turakun suka yi shiru, babu WhatsApp, babu Facebook, babu tura kuɗi, mai babbar waya da mai ƙarama suka zama ɗaya, mutane suka koma ba direbobi saƙo ko yin tafiya mai nisa don neman inda sabis yake, waɗanda ke kusa da iyaka kuma suka koma kan layukan Nijar. Haka nan a watan Maris na 2024, da wayoyin teku suka tsinke a gaɓar Kodebuwa, bankuna da intanet suka rikice har nan, nisan ɗaruruwan kilomita daga bakin teku. Manhajar da muke gani kamar daga sama take zuwa tana tsaye ne a kan ƙarfe da janareta da mai gadi a bayan gari, kuma kamfanin da ya mallake ta a Amurka ba shi ne ke sayen man janaretan ba. Starlink, mai ba da intanet ta tauraron ɗan'adam, wanda ya fara aiki a Najeriya a farkon 2023, yana tsallake turakun, amma kuɗin na'urarsa da na wata-wata sun fi ƙarfin gida guda a karkara, sai dai ofis ko makaranta ko mai sayar wa jama'a.

Dokar sadarwa ta 2003 ta tanadi asusu na musamman domin kai sabis wuraren da kamfani ba zai je don kansa ba saboda babu riba. Idan ana son sanin ko asusun yana aikinsa a jiha irin tamu, ƙirga layukan da aka yi wa rajista ba zai nuna komai ba, tunda ɗan kasuwa ɗaya a cikin gari yana iya riƙe uku. Abin da ya kamata wakilanmu a majalisa su nema daga NCC shi ne jerin garuruwan gabashi da arewacin Sakkwato da har yanzu 2G kaɗai suke samu, da waɗanda turakunsu suka daina aiki saboda rashin tsaro ba a koma an tayar da su ba, da kuma ranar da za a gyara kowanne.